Hannun da Sharhabilu Bai Karɓa Ba

Kwana huɗu ke nan da Sharhabilu ya ƙi karɓar hannun mahaifin Ramla, Malam Nuhu, kuma tun ranar dattijon bai ƙara kiran sunanta ba. In ruwa yake so, Inna yake kira. In ta durƙusa gaishe shi da safe, "lahiya" guda yake jefa mata ya wuce wurin shanunsa na turka. Gidan ya yi tsit kamar an yi rashi.

Ranar Laraba bayan azahar tana kwance a kan tabarma a ɗakinta, waya a hannu, gumi na bin bayanta. Ruwa ya sauka sau ɗaya a Bodinga ya ɗauke, ya bar mutane da zafi. Tun da aka rufe makarantu saboda korona, malamar firamare ba ta da aikin da ya wuce wanke-wanke da leƙa Rumfar Karatu, wato taronsu na WhatsApp. Su goma sha tara ne, kowane mako su zaɓi littafi guda, ranar Laraba a baje shi a faifai. A can ta san Sharhabilu, ma'aikacin wani ƙaramin asibiti a Shagari, shekara biyu da suka wuce. Musu ya haɗa su, musun ya zama hira, hirar ta kai har manyansa sun zo Bodinga neman izini.

Littafin wannan makon labarin wani gari ne da agana ta faɗa wa zamanin kakanni. Bahijja, mai riƙe da rumfar, ita ta buɗe.

"Jama'a, shafi na arba'in zuwa sittin. Sarkin garin ya sa an toshe ƙofofi, ba shiga ba fita. Ya kyauta ko bai kyauta ba?"

Kafin a ce kwabo Maniru ya cafe. Ɗan maƙwabcinsu ne, dillalin shanu mai lodi zuwa Kudu, kuma duk unguwa ta san shekara uku ke nan yana son Ramla, ita kuwa gaisuwa kawai take ba shi.

"Bai kyauta ba," in ji shi. "Kamar yadda ba a kyauta muna ba yanzu. An ruhe iyakar jiha, shanuna na nan suna cin dusa suna kallona. Mai jiran albashi shi ka cewa a zamna gida."

Salamatu ta amsa daga Zariya. "Amma a littafin, garin da ya bar ƙofarsa buɗe ai ƙarewa ya yi."

"Na littafi daban, Malama. Ke kin taɓa ganin mai koronar nan da idonki? Ni na ga yunwa da idona."

"Ƙanin babana ita ta kashe shi a Kano."

"Allah shi jiƙanai. Kwana ya ƙare."

Shi ke nan, rumfa ta kama da wuta. Wannan ya ce takunkumin fuska yaudara ce, wancan ya ce ko a zamanin magabata an hana shiga garin da annoba take. Wata ta ce ita dai a buɗe makarantu kafin 'ya'yanta su cinye ta da rai. Bahijja na ta roƙo, "Don Allah mu koma shafi na arba'in," amma wa ya ji ta? Littafi dai ya zama ɗan kallo a gidan bikinsa.

Ramla kuwa hankalinta ba ya kan musun. Idonta na kan suna guda da bai yi magana ba tun Asabar. Da can, a irin wannan musu, Sharhabilu ne kan gaba, yana kawo hujja a hankali har abokin musunsa ya gaji ya tura hoton dariya.

Sai ga saƙon Maniru.

"Wai ina likitan rumfa? Ko har yanzu shina wankin hannu? Ku masu cewa a bi doka, ga inda dokarku ka kai mutum. Dattijon da yay yi shekara talatin bai hwara miƙa ma kowa hannu ba, ya miƙa ma yaro, yaro ya ja baya kamar ya ga maciji."

Ramla ta tashi zaune.

"Wane dattijo?" in ji Salamatu.

"Me ya sa bai miƙa wa kowa hannu?" in ji wani.

"Ku tambayi Ramla," Maniru ya rubuta. "Babanta na."

To, ga abin da mutanen rumfa ba su sani ba. Malam Nuhu ya yi kuturta yana saurayi. An yi masa magani ya warke sarai tun kafin a haifi Ramla, amma ciwon ya tafi da yatsu uku na hannunsa na dama, ya gutsure kan sauran. Shi ya warke, mutane ne ba su warke ba. Wani in ya gaisa da shi a masallaci, sai ya faki ido ya goge hannu a riga. Wani ya ba shi bakin yatsu kamar mai taɓa tukunyar zafi. Da ya ga haka, sai ya hutar da kowa. Jinjina yake yi daga nesa, hannun kuwa cikin hannun riga yake wuni. A duk Bodinga mutum guda ke cin tuwo kwano ɗaya da shi, Alhaji Sulaiman, mahaifin Maniru.

Ranar Asabar ɗin da Sharhabilu zai zo gaisuwa, Ramla ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Baban ya karɓi man kaɗe wurin Inna ya zauna yana mulke hannun, ya shafa turare, yana cewa, "Yau ɗa za ni yi." Ta kai fura bakin zaure ta laɓe bayan labule. Sharhabilu ya shigo da takunkuminsa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa kusa da ƙofa kamar yadda ɗa mai ladabi ke yi. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Alhaji Sulaiman na gefe yana jan carbi. Sai Malam Nuhu ya muskuta, ya zaro hannun daga riga, ya miƙa.

"Matso, ɗana."

Sharhabilu ya dubi hannun. Ya ja da baya da gwiwoyinsa, ya dafe ƙirji.

"Baba, a gahwarce ni. Lokacin na..."

Kai, jama'a! Hannun nan ya daɗe a miƙe. Ramla ta ji kamar ta kurma ihu. Daga bisani dattijon ya janye shi a hankali, ya ce, "To. Allah shi kiyaye hanya." Ko furar ba a buɗe ba.

Tun ranar Sharhabilu ke kira, ita kuwa ta ƙi ɗauka. Haushinsa take ji, da wani abu ƙarƙashin haushin da ba ta son ta duba.

Yanzu ga mutum goma sha takwas suna jiran amsarta. Ta rubuta, "Babana ya taɓa yin..." ta tsaya. Ta goge. Ta rubuta, "Ciwo ne ya..." ta sake gogewa. A ƙarshe abin da ta tura shi ne, "Maganar gida ce, don Allah a bar ta."

Ko minti ba a yi ba wayar ta yi ƙara. Sharhabilu. Wannan karon ta ɗauka.

"Ramla." Muryarsa ta dishe. "Alhamdu lillahi. Na ɗauka sai a lahira za ki saurare ni."

"Mi kake so?" Kuka ya riga maganar fita. "Ka wulaƙanta ubana gaban mutane, yanzu mi yar rage? Ka san abin da kay yi? Mutumin ga bai taɓa yi ma kowa haka ba, kai kaɗai, kai kuma ka nuna mishi shi ƙazanta na!"

"Ki bari in yi magana, ko minti biyu."

"Ka yi ta wa'azi cikin rumfa, a bar musabaha, a bar musabaha. To ka bari, ka ci riba. Sai ka amri takunkuminka!"

"Ramla, don girman Allah." Ya yi tari, ya numfasa. "Ran Asabar da sahe, kahin in taso, anka kawo muna wani direba da yad dawo daga Kudu ta ɓarauniyar hanya. Zazzaɓi, numhwashi na sarƙewa. Ni na tallabe shi daga mota zuwa gado, da hannuna, shina tari bisa wuyana. Jiya gwajinai ya hito. Shina da ita."

Kukan Ramla ya tsaya cak.

"Nau gwajin an ɗauka yau," ya ci gaba. "Tun Asabar ina wani ɗakin ajiya bayan asibiti, ni kaɗai. Innarmu bakin ƙohwa take aje man abinci ta koma tana kuka."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To don mi kaz zo? Don mi ba ka aiko ba?"

"Wautata ke nan, kuma ba ni yahe ma kaina. Manya sun sa rana, in ce ba ni zuwa a ce na raina mutane. Sai nic ce ai yaro daga nesa shike durƙusawa, wane suruki ka ba mai neman ɗiyatai hannu? Ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba. Na ce in yi nesa, in gaishe shi, in tashi. Da yam miƙo hannun, wallahi shekarunai nit tuna. Mutum ya haura sittin. In ba shi hannun da nit tallabi direban da shi?"

"Da ka hwaɗi gaskiya nan take."

"Gaban Alhaji Sulaiman? Kahin la'asar labari ya kai Shagari. Innarmu fura take saidawa bakin kasuwa, ita ka riƙe da ƙannena. Wa zai ƙara shan furar uwar mai korona?"

Ta jingina da bango tana share hawaye da bakin mayafi. Can sai ya kira sunanta da wata murya da ba ta san shi da ita ba.

"Ramla, ni ma ina da tambaya. Shekara biyu. Kin gaya man sunan akuyarki ta hwarko. Kin gaya man littahin da yas sa ki kuka kina aji uku. Don mi ba ki taɓa gaya man hannun Baba ba?"

"Ban ga amhwaninai ba," ta ce da sauri.

"Da na sani, da tun daga ƙohwa na roƙi ganinai shi kaɗai. Da na san hannun nan ba irin na kowa na ba, ba a maishe shi. Kin bar ni na shiga makaho. Ko kin ɗauka in na sani gudu za ni yi?"

Ta cusa fuska cikin mayafi.

"Ki gaya mishi," ya ce a ƙarshe. "Shi kaɗai. In ya yarda, alhamdu lillahi. In bai yarda ba, ko ba a ba ni ke ba, kar shi kwana da zaton na ƙyamace shi. Wannan ya hi zazzaɓi damuna."

"Kana zazzaɓi?"

"Kaɗan."

"Sharhabilu!"

"Kaɗan nic ce. Je ki."

Ta fito tsakar gida idanu jajir. Inna na bakin murhu tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ta sau ɗaya ta gane.

"Da shi kinka yi magana ko? Ke dai ba ki da zuciya, Ramla. A ci mutuncin wanda yah haihe ki, ki koma kina kuka ma wanda yac ci."

"Inna, akwai dalili."

"Dalili! Kowane mai laihi da dalilinai shike yawo." Ta buga rariya a gefen ƙwarya. "To ki ji. Alhaji Sulaiman ya zo jiya, ya zo yau da hantsi, shina nema ma Maniru amrenki. Ubanki ya ce bayan Juma'a zai ba su amsa. Ba mai tilasta ki, ba a yi ma yayyenki ba, ba a hwarawa kanki. Amma na Shagari kam ki cire shi. Mi Maniru yar rasa? Mun san shi tun shina tsirara. Tun shina yaro shike cin saura cikin kwanon ubanki, bai taɓa yamutsa huska ba. Irin gidan ga namu, ɗiyata, ba kowa ka iya shi ba."

"Yanzun nan yat tona mu cikin mutane, Inna."

"Ya tona mi? Akwai abin tonawa?"

Ramla ta sunkuyar da kai. Inna ta tsaya da tankaɗen, ta daɗe tana dubanta, sa'an nan ta ce, "Hm." Ba ta ƙara ba.

Malam Nuhu na bayan gida wurin turke. Bijimai biyu da raguna huɗu yake kiwatawa don babbar Sallah, kuma bai yarda kowa ya haɗa musu dusa ba sai shi. Tana zuwa ta same shi ya naɗe hannun riga, yana cuɗa dusa da kanwa a cikin rabin garwa. A gaban dabbobinsa ne kaɗai ba ya ɓoye hannun.

Ta durƙusa a kan harawar da ta zube.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa."

"Baba, ina roƙon arziki. Magana nike tahe da ita."

Bai ce ta faɗa ba, bai ce ta bari ba. Ta fara. Ta ba shi labarin direban, da gwajin, da furar uwar Sharhabilu, da yadda ya dogara da cewa babba ba ya ba yaro hannu. Dattijon na cuɗa dusa, kansa a ƙasa. Sai da ta zo kan ɗakin ajiya hannunsa ya tsaya.

"Shi kaɗai cikin ɗakin?"

"Shi kaɗai, Baba."

"Wa ka kai mishi abinci?"

"Innarsu. Bakin ƙohwa take ajewa."

"Kwanonai daban ke nan."

"Daban."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi wani wuri can bayan katanga. "Na san ɗakin ga," ya ce. "Shekara ukku nay yi cikin irinai. Abincin ba shi ad da zahi ba. Ƙarar takalmin wanda yak kawo, sa'ad da shike sauri shi koma, ita ka hana mutum kwana." Ya share hannu a gefen garwa. "Yaron ya yi daidai. Da ya ba ni hannun, da ya yi ganganci. Allah shi ba shi lahiya."

Ramla ta fashe da kukan murna.

"Na gode, Baba! Allah shi ƙara girma! Wallahi ya ce ko ba a..."

"Dakata." Ya juyo, karon farko cikin kwana huɗu ya dube ta ido cikin ido. "Ke kin ɗauka da shi nike hushi?"

Murnar ta gushe daga fuskarta.

"Ramla, shekara arba'in ina karatun huskokin mutane in sun ga hannun ga. Ban yi boko ba, amma wanga karatu na hi ku duka, ke da 'yan rumhwarku. Na san huskar ƙyama, na san ta tsoro, na san ta tausai. Yaron ga ba ko ɗaya. Mamaki nig gani ga idonai. Wanda anka gaya ma ba shi mamaki."

Bijimi guda ya ja igiya yana neman garwar. Malam Nuhu ya tura masa da ƙafa, idonsa bai bar kanta ba.

"Shekara nawa kuke tare?"

"Biyu."

"Biyu. Kullum ina jin dariyarki cikin ɗaki, kina latsa waya. Ina cewa Alhamdu lillahi, ɗiyata ta samu wanda yas san mu kuma yaƙ ƙi gudu. Da manyanai sunka zo, kawunki yat tarbe su, ban hito ba, na ce ai sun sani, sun ji sun gani sun yarda. Shi yas sa niz zaro hannun. Ban zaro shi don a gwada ni ba, na ɗauka an riga an karɓe shi." Ya numfasa. "Kin gaya mishi yadda ubanki shike?"

"A'a, Baba."

"Ko sau guda?"

"Ko sau guda."

"Don mi?"

Nan fa ake yin ta. Ƙarya na nan birjik a bakinta: mantuwa, rashin dama, ai ba komai ba ne. Amma mutumin da ke gabanta ya gama gaya mata irin karatun da ya iya. Ta kifa kai a gwiwa, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Baba, tun ina aji ɗaya ba mai shan ruwa da moɗata. In an yi wasan tahi, ni ka ragewa ba abokiya. Kun tuna malamin nan na Dandin Mahe da yaz zo nemana? Ba canjin wurin aiki anka yi mishi ba kamar yadda nic ce muku. Uwatai taj ji labari tac ce jini na, shina bin zuri'a. Na ɓoye muku don kar ku ji ciwo." Ta ja numfashi da ƙyar. "Da nis shiga rumfar ga, ba wanda ka ganin kowa. Magana kawai. Nan na hwara zama Ramla, ba ɗiyar wane ba. Na so in ɗanɗana, Baba. In ji yadda ake son mutum kahin a sani. Kullum ina cewa gobe in gaya mishi, gobe in gaya mishi, har Asabar taz zo."

Ta yi kuka har kafaɗunta na girgiza. Dattijon bai hana ta ba. Ragunan na ta cin harawa, can cikin gari wani mai babur na ta danna oda.

"To kin ɗanɗana?" ya tambaya a hankali.

"Na ɗanɗana."

"Da daɗi?"

Ta kasa ɗaga kai. "Da daɗi, Baba."

"Madalla da kinka hwaɗi gaskiya." Ba faɗa a muryarsa, kuma rashin faɗan ne ya fi tsorata ta. "Ban ga laihinki ba. Yaro na son inuwa. Ni dai ban san ni ar ranar ba."

"Baba, ba haka..."

"Kira man shi."

Ta danna lambar, ta buɗe murya, ta riƙe wayar kusa da bakinsa. Sharhabilu na jin sallamar ya rikice.

"Allah shi gahwarta Malam! Baba, wallahi tallahi..."

"Bar rantsuwa, ɗana, ta gaya man. Ka ci abinci?"

Sai suka ji namiji baligi yana shessheƙa a waya. "Na ci, Baba."

"Ka riƙa ci ko ba ka so. Ka buɗe taga. In sun aje kwano sun gudu kar ka riƙe su a rai, tsoro na, ba ƙiyayya ba. In Allah ya tashi kahwaɗunka, ka turo manyanka a sa rana. Na ba ka."

"Baba... Allah shi saka da alheri, Allah shi..."

"Amin. Kwanta ka huta."

Ramla ta kashe wayar. Abin da ta kwana huɗu tana roƙon Allah a kowace sujada, ga shi an ba ta a tafin hannu. Amma ƙirjinta ya ƙi sauka, don ta san mahaifinta, ta san bai gama ba.

"Alhaji Sulaiman ni ka ba shi haƙuri da kaina," ya ce yana warware hannun rigarsa. "Aminci na da nauyi, amma ba a biyanai da ɗiya. Saura abu guda. Ran da mutanen Shagari za su zo, da ran ɗaurin amre, kawunki shi tsaya. Ni za ni Dingyadi wurin ƙanena in wuni."

"Baba! Ɗaurin amrena?"

"Uwar yaron ba ta sani ba. Danginai ba su sani ba. Abin da kinka yi shekara biyu kina gini, ba ni rushe miki shi wuni guda. Ki shiga gidanki kina Ramla."

"Wallahi ba ni so! Na tuba, Baba! Yanzun nan in gaya ma duniya, in rubuta cikin rumfa, in kira uwatai da bakina. In ba ku nan, na hwasa amren!"

"Ba ki hwasawa. Na riga na ba shi, ba ni magana biyu."

Ta rarrafo a kan gwiwoyinta cikin harawa da kashin shanu, ba ta ko kula ba. Hannun nan da ya yi mata tawai tana jaririya, ya ba ta fura a baki, ya riƙe ta zuwa makarantar allo, shi ta miƙa hannu biyu za ta kama.

Malam Nuhu ya ja da baya taki ɗaya. Ya dafe ƙirjinsa.

"An hana, ɗiyata," ya ce. "Lokacin na."

Ya ɗauki garwar da babu komai a ciki, ya ratsa ta gefenta ya shige gida. Tana durƙushe a wurin ta ji shi yana cewa Inna ta zuba masa ruwa a buta, la'asar ta yi.